Gyaɗa Kan da Ya Kai Yayana Gidan Yari

Shekarun baya, lokacin ina aikin sa-kai a wani ƙaramin asibiti a Shagari, ina jiran ranar da za a tuna da ni a ɗauke ni aiki na dindindin, wani abu ya same mu a gida. Na daɗe ina son in ba ku labarinsa, kunya da nauyin baki ke hana ni. Yau dai na tambayi yayana, ya ce in faɗa.

Gidanmu a Dingyadi yake. Cikin 'ya'yan da mahaifiyata ta haifa, mu biyu muka rayu, ni da yayana, mahaifinmu kuwa ya rasu tun ina firamare. Yayana kurma ne. Sanƙarau ya kama shi tun bai gama iya magana ba, Allah ya tashe shi, amma ji bai dawo ba. Bai yi makarantar kurame ba, saboda haka maganar hannun da yake yi ta cikin gidanmu ce, mu uku muka ƙirƙiro abinmu a hankali. Idan ya fita waje, babu mai gane shi sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Noman albasa yake yi a fadama, kuma yana gyaran injin ban ruwa. Tafin hannu yake ɗorawa a jikin inji yana aiki, daga yadda yake karkarwa ya gane inda ciwon yake. Mutane sun san shi da wannan, har daga nesa ana kawo masa gyara.

Yana da wata ɗabi'a da mahaifiyata ta koya masa tun yana yaro. Ta lura mutane na jin haushi idan sun yi masa magana ya tsaya yana kallon bakinsu, sai ta nuna masa cewa duk babban da ya yi masa magana, ya rusuna ya gyaɗa kai ya yi murmushi. Ladabi ta koya masa. Haka ya tashi, kowa ya buɗe baki a gabansa sai ya gyaɗa kai.

A wani rani, albasa ta fara kai, aka sace injin wani maƙwabcinmu na fadama. A ranar kuma aka ga yayana ya dawo daga kasuwar Bodinga da inji ɗaure a bayan kekensa, kala ɗaya, kamfani ɗaya. Maƙwabcin nan mutumin kirki ne, amma ranar hankalinsa ba ya jikinsa, don albasar da ba ta sha ruwa ba a wannan lokaci ta tafi ke nan. Ya kai ƙara. Kafin labari ya iso ni a Shagari in samo mota, an riga an tafi da yayana da injin ofishin 'yan sanda, an rubuta bayani, ya dangwala yatsa. Da na isa aka ce mini ai ya amsa laifinsa.

Na ce ta yaya ya amsa, mutumin da ba ya ji ba ya magana. Aka ce in bari sai a kotu.

A kotu aka ɗage zama, aka ba da beli da sharaɗin mai tsaya masa ya zama babban ma'aikacin gwamnati mai gida a birni. Ni kuwa a lokacin ko katin aiki ba ni da shi. Na bi duk wanda na sani mai ɗan muƙami, kowa da ya ji kalmar sata sai ya fara ba ni labarin yadda aikinsa yake da hatsari. Na je ofishin wani lauya a birni, ya karɓe ni da mutunci, ya ba ni ruwan sanyi, ya faɗi abin da ake biya kafin a buɗe fayil. Na sha ruwan na yi godiya, na ce zan je in dawo. Shi da ni duk mun san ba dawowa zan yi ba. Haka aka wuce da yayana gidan yari, jiran shari'a.

Ni da mahaifiyata muka yi shawara kada mu nuna masa cewa ɓarawo ake ce masa. Akwai alamar da muke yi wa ɓarawo a gida, kuma babu abin da ya tsana kamarta. Muka ce zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Na dai tambaye shi wa ya ba shi injin, ya nuna mini mai gemu, mai sayar da albasa, ya tafi nesa. To, a ƙasarmu rabin magidanta masu gemu ne, suna sayar da albasa, kuma da rani sun tafi nesa.

Duk ranar ziyara sai in same shi a bayan waya, cikin hayaniyar masu ganin 'yan uwansu, ya rame, amma da murmushinsa. Kullum abu ɗaya yake roƙo na, ya murɗa hannu kamar mai kwance noti, wato in kawo masa sifanoninsa. Ni kuma in nuna masa ya yi haƙuri, ya kusa fitowa. Ban tsaya na tambayi abin da zai yi da sifana a gidan yari ba, na ɗauka kewar aiki ce.

Watanni suka shige. Albasarsa ta bushe a fangali, don ni ban iya ba, lokaci ma ba ni da shi. Mahaifiyata ta daina cin abincin kirki. Idan na kai mata tuwo sai ta ce ba ta san ko shi ya ci ba.

Wata rana ina cikin wanke wa wani yaro ciwo a asibiti, wayata ta yi ƙara. Muryar mace ce. Ta yi sallama, ta ce ita lauya ce, sun je ziyara gidan yari ita da abokan aikinta suna duba waɗanda ba su da mai kare su, aka nuna mata yayana, wani gandiroba ya ba ta lambata. Ta ce tana son ta karɓi shari'arsa.

Na ce nawa ne. Ta ce babu ko sisi.

Ni da nake ganin na waye, na yi karatu har na san dabarun 'yan damfara, sai na yi wata 'yar dariya, na ce mata Allah ya shirye ta, na kashe waya. Har na ji daɗin kaina. Da yamma na ba abokina labari, wani malamin makaranta da aka turo Shagari muke haya gida ɗaya, ina jiran ya yaba mini. Ya dube ni ya ce, 'yar damfarar da ta ce kada ka biya komai, me za ta damfare ka, talaucin? Ya ce akwai lauyoyi masu yin irin wannan aiki kyauta, ya taɓa ganin sun fitar da wani ɗan garinsu. Ya sa ni a gaba sai da na kira ta.

Na shirya dogon ban haƙuri, ba ta bar ni na gama ba. Ta ce ba ni ne na farko ba, wani ma zaginta ya yi. Ta faɗa mini ranar da za mu haɗu a ƙofar gidan yari.

Na aro babbar riga wurin abokina, don a tunanina zan ga wata hamshaƙiya da direba da masu riƙe jaka. Na tsaya ina kallon manyan motoci. Sai wata siririyar mata cikin hijabi ruwan toka ta fito daga wata tsohuwar ƙaramar mota, ta buga ƙofar da ƙugu kafin ta rufu, ta zo ta ce, Malam, kai ne mai kashe waya? Ban san lokacin da na rusuna ba.

Aka ba mu wani ɗan ɗaki da benci, aka shigo da yayana. Duk rayuwarsa, idan mutum yana da magana da shi ni yake kallo, ya ce gaya masa kaza, tambaye shi kaza, kamar shi ba ya wurin. Ita sai ta ja kujerarta ta fuskance shi, ta ce mini in koma gefenta inda zai riƙa ganin hannuna. Ta dube shi ta ce, "Yaya, ina wuni. Ni lauyarka ce, in ka yarda." Na juya masa da hannu yadda zan iya, don ba mu da alamar lauya, sai na nuna masa mai tsayawa a gabanka ta yi magana a madadinka. Ya dube ni, ya dube ta, ya sake duba na, kamar yana tambaya da gaske da shi take.

Sai ta tambaye ni ko ya san abin da ake tuhumarsa da shi. Na faɗa mata shawarar da muka yi da mahaifiyata. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce ta gane tausayi ne ya sa, amma shi ne a tsare, shari'ar tasa ce, ba za ta iya tsaya wa mutum a kan abin da bai sani ba. Ta ce kafin nan in tambaye shi, shi a ganinsa me ya kawo shi nan.

Na tambaye shi. Ya nuna mini injin, ya nuna mai gemun nan, ya nuna fushi a fuska, sannan ya murɗa hannu. Sai a lokacin na gane. Duk watannin nan yayana yana zaton mai injin ne ya yi fushi don bai gyara masa da wuri ba, ya sa aka kulle shi. Sifanonin da yake roƙo, so yake ya gama aikin mutane a sake shi.

Da na faɗa mata, ta sunkuyar da kai ta daɗe tana gyara takardun da ba su buƙatar gyara. Sannan ta ce, Malam, gaya masa gaskiya.

Ban taɓa yin abin da ya yi mini nauyi kamar ɗaga hannuna a ranar ba. Na nuna maƙwabcinmu, na nuna injinsa ya ɓata, na yi alamar ɓarawo, na nuna shi. Na ƙara da cewa takardar da ya dangwala wa yatsa cewa take ya yarda. Murmushin ya tafi. Ya miƙe tsaye, ya buga ƙirjinsa, ya girgiza kai da ƙarfi har gandiroba ya leƙo. Wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa wanda rabona da ji tun ranar da aka fita da gawar mahaifinmu. Na tashi zan riƙe shi, ta ce in bar shi. Ta jira har ya zauna. Sannan ta ɗora hannu a ƙirjinta, ta nuna shi, ta girgiza kai a hankali. Wannan bai buƙaci tafinta ba, ya gane ta ce ita ba ta yarda ɓarawo ne ba.

Daga nan ta shiga tambaya a kan mai gemu, kuma a nan ne na ji kunya irin ta wanda yake taƙama ya fi kowa jin maganar yayansa. Ni tambaya ɗaya na yi na tsaya. Ita kuwa sai da ta bi komai: dogo ne ko gajere, a ina yake zama a kasuwa, ya taɓa kawo gyara a baya, yaya yake tafiya. Da na juya wannan ta ƙarshe, yayana ya tashi ya taka daga bango zuwa bango yana jan ƙafar hagu, kafaɗa ɗaya a karkace. Ta ce to, mun samu.

Ranar kasuwar Bodinga ta zo da kanta. Muka shiga wajen 'yan albasa, tana tattare hijabi tana tsallake buhuna, muka sami wani dattijon dillali. Ta ce in kwaikwayi tafiyar. Ni da rigar aikin asibiti, a tsakiyar kasuwa, na shiga jan ƙafa ina karkace kafaɗa, mutane suna kallo. Kafin in yi nisa dattijon ya ce ai wanga mutumin Dandin Mahe ne, ya tafi Kudu da lodin albasa tun tuni, amma ya ji an ce ya dawo ba shi da lafiya.

A ranar muka kama hanya. Motarta ta kafe a yashi kafin mu shiga gari, muka fito ni da wasu masu wucewa muna turawa, tana ciki tana ba mu haƙuri ta taga. Muka sami mutumin a zaure yana jinya. Ciwo ne ya kwantar da shi a Kudu, ya daɗe kafin ya iya dawowa, kuma hankalinsa kwance yake cewa injinsa na hannun amana. Da ya ji abin da ya faru sai ya dafe kai yana salati. Ya ce ko a kan katifa ne a ɗauke shi a kai shi gaban alƙali.

Kafin ranar zama ta zo gidanmu ta gaida mahaifiyata, don ta ce uwa ce ta fi kowa cancantar a yi mata bayani. Ta zauna a tabarma ta faɗa mata komai dalla-dalla, abin da take fata da abin da ba ta da iko a kai, ba ta yi alkawarin nasara ba. Mahaifiyata ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Ɗiyata, mi munka yi miki da kika ɗauko wahalarmu?" Ta ce, Inna, ba ku yi komai ba, aikina ne, addu'a kawai za ki taya ni da ita.

Ranar shari'a, mai gabatar da ƙara ya ce bai yarda ƙanin wanda ake tuhuma ya zama tafinta ba, kuma gaskiyarsa. Ashe ta hango haka, ta zo da wani malami daga makarantar kurame ya zauna kusa da ni yana lura ko zan ƙara ko zan rage. Aka rantsar da mu.

Aka kira ɗan sandan da ya rubuta bayanin, wani matashi mai natsuwa. Ta tambaye shi cikin ladabi yadda wanda ake tuhuma ya amsa laifi. Ya ce ya tambaye shi ko shi ya ɗauki injin, ya gyaɗa kai. Ya tambaye shi ko ya san laifi ne, ya gyaɗa kai. Ya ce shi bai matsa masa ba, bai taɓa shi ba, da murmushinsa ma ya amsa. Na yarda da shi, gaskiya ya faɗa.

Sai ta roƙi alƙali ya yi wa yayana tambaya da bakinsa, ni kuma in ajiye hannuwana. Alƙali ya dube shi ya ce, kai ka saci injin nan? Yayana ya ga babban mutum yana masa magana, ya rusuna ya gyaɗa kai. Alƙali ya sake cewa, ba kai ka sata ba? Ya sake rusunawa ya gyaɗa kai, da ɗan murmushin ladabin nan nasa.

Na waiga na ga mahaifiyata a bencin baya ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna motsi. Ta gane abin da ta koya masa don mutane su so shi ne ya kai shi inda yake. Ɗan sandan ma ya sunkuyar da kai.

Bayan haka aka shigo da mutumin Dandin Mahe yana jan ƙafarsa. Tun kafin a buɗe buhun da aka rufe injin da shi, ya ce mariƙin igiyar tayarwa ya karye tun bara, ya sa guntun icen gawo a madadinsa, kuma akwai walda a ƙafar baya. Aka buɗe, ga su nan. Alƙali ya ce maƙwabcinmu ya matso ya duba da kyau. Ya durƙusa, ya juya injin, ya shafa waldar, ya daɗe a haka. Da ya ɗago idonsa ya yi ja. Ya ce, ranka ya daɗe, wannan ba nawa ba ne, ranar ban duba ba, zuciya ce ta ɗebe ni.

Alƙali ya sallami yayana. Na juya masa da hannu cewa an gama, gida za mu. Bai yi tsalle ba, bai yi kuka ba. Abin da ya fara nuna mini shi ne a ba shi injin, bai gama gyaran ba.

A gida mahaifiyata ta sa aka kamo tunkiyarta, ita kaɗai ta rage mata, ta ce in kai wa lauyar, wadda muke kira Barista. Na kira na faɗa mata, ta ce idan na kawo tunkiya ita ma za ta kashe mini waya. Ta ce abin da take so a dama mata fura, za ta zo sha. Ta zo kuwa, ta sha har ta nemi ƙari. A nan ta zaunar da mahaifiyata ta ce mata kada ta ɗora wa kanta laifi, ladabi ta koya wa ɗanta, waɗanda ya kamata su nemo tafinta ne ba su nema ba. Na ga yadda maganar ta sauke mata wani abu da mu muka kasa saukewa. Maƙwabcinmu shi ma ya zo da dattawa ya nemi gafara, kuma da lokacin dashe ya yi, shi da 'ya'yansa suka fara shiga fangalin yayana kafin nasu.

Da nake raka ta mota na tambaye ta me ya sa take wannan wahala. Na zaci zan ji wani dogon tarihi. Ta ce tana da shari'o'in da ake biyanta, da su take cin abinci take zuba mai, amma idan duk wanda ya iya doka ya tsaya sai inda ake biya, talaka zai riƙa shiga kotu kamar wanda aka jefa rijiya. Ta ce ba ita kaɗai ba ce, suna da yawa, maza da mata, wasu ma sun fi ta ƙoƙari, ba a dai jin labarinsu. Wani lokaci abokan aiki su yi musu dariya, wani lokaci waɗanda suka fitar ko sallama ba sa dawowa yi. Ta ce ba ta damu da godiya ba, amma ƙananan lauyoyi masu tasowa suna kallo, idan suka ga babu mai daraja irin wannan aiki ba za su shiga ba.

Bayan wasu shekaru mahaifiyata ta rasu. Ban sanar da Barista ba, ina ganin ta yi mana mai yawa, kada in ƙara ɗora mata hanya. Ban san inda ta ji ba. Ranar addu'ar uku sai ga ta, ta shiga cikin gida wurin mata ta zauna a tabarma kamar kowa. Daga baya matan gidan suka ce mini sun ɗauka wata 'yar uwa ce daga birni, don har wanke kwanuka ta taya su.

Da za ta tafi ta tsaya daga bakin rumfar maza ta yi mana gaisuwa. Yayana, wanda tun rasuwar bai ɗaga ido ya dubi kowa ba, ya tashi ya zo ya tsaya a gabanta. Ya taɓa ƙirjinsa, ya haɗa yatsu biyu, ya nuna ta. A maganar gidanmu wannan alama tana nufin waɗanda suka sha nono ɗaya, kuma tun da aka haife ni ban ga ya yi wa kowa ita ba sai ni.

Ta dube ni ta ce me ya ce. Na ce, ya ce ke ƙanwarsa ce, uwa ɗaya. Matar nan da na ga ta tsaya gaban alƙali ko gezau, ta ja hijabi ta rufe fuska. Da ta natsu, ta taɓa ƙirjinta, ta haɗa yatsu biyu, ta nuna shi.

Yanzu na samu aikin da nake jira, yayana ya yi aure, yana da 'ya'ya masu surutu da baki da hannu. Wani lokaci Barista takan kira ni idan sun gamu da kurma a tsare wanda ba a gane maganarsa, in ɗauki hutu in je in gwada. Ba kullum nake ganewa ba, kowane gida da irin maganarsu, amma ina zuwa.

Abin da ya sa na rubuta wannan, na lura mun iya ba da labarin lauyan da ya cuci wani, kowa yana da irin wannan labari a bakinsa. Amma waɗanda suke ajiye aikin kuɗi su shiga gidajen yari suna tambayar wa ba shi da kowa, su ƙona mansu a hanyoyin ƙauye saboda mutumin da ba zai iya biyansu ba, ba mu cika ambatonsu ba. Idan kun san irinsu, ku faɗi alherinsu suna raye, a gaban mutane, yaransu da ƙannensu a aiki su ji. Shugabanninsu da hukuma su ma su duba su, su karrama su yadda ya dace. Idan kuma kai lauya ne kana karanta wannan, ko shari'a ɗaya ce ka ɗauka a shekara, akwai gidan da za a daina kwana da yunwa ga abinci a gaba saboda kai.

Na so in faɗi sunanta, ta hana ni. Na ce to me zan ce wa mutane. Ta ce in ce musu akwai sauran mutane a gidan yari da babu wanda ya tambaye su me ya kawo su, kuma a yi wa Inna addu'a.

Allah ya jiƙan mahaifiyata. Ita kuma ƙanwar yayana, Allah ya tsaya mata ranar da babu mai tsaya wa wani.